Shinkafar Wasanni a Makokin Kawu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsi Kawu ya yanke jiki ya faɗi a bakin mangaza, ɗakin ajiyar hatsi, makulli a wuyansa, kafin a isa asibiti da shi rai ya yi halinsa. Kafin la'asar lungunmu na unguwar Harobanda a Yamai ya cushe, mai babur ma sai ya sauka ya tura. Zabarmawan unguwa na shigowa da "fonda tilas", Hausawa da "ya muka ji da haƙuri", kowa kuma sai ya ƙara da cewa jiya-jiyan nan ya gan shi yana wucewa da ƙafarsa.

Mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwarsa, ta yi ta suma ana yayyafa mata ruwa. Inna, matarsa, ko ɗigon hawaye ban gani a idonta ba a ranar. Ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa, duk wanda ya durƙusa gabanta sai ta tambaye shi ko an ba shi ruwa. Baba Perzidan, shugaban ƙungiyarmu kuma abokinsa tun suna samari, wanda ido ya fara yi wa gardama, aka riƙo hannunsa aka zaunar da shi a rumfa. Ba abin da yake maimaitawa sai "Ya yi mini wayo, ya riga ni." Matan unguwar Saga masu dafa mana abinci lokacin wasanni suka taho da kukansu tun daga bakin titi. Washegari wani ƙato ya sauko daga motar gabas, tsohon zakaran kokawa wanda yanzu shi ke jan tawagar jaharsu, ya zube a ƙofar gida yana birgima cikin ƙasa. Da ƙyar maza suka cicciɓe shi zuwa inuwa.

Ni ma na yi kuka har muryata ta dishe. Amma ba zan ɓoye ba, ina kukan idona na kan ƙofar mangazar nan. Abincin wasannin bana ne a ciki, kaf, kuma saura ƴan makonni a buɗe wasannin. Na san mutanenmu, na kuma san yadda makoki yake cin hatsi.

Bari in faɗa wa wanda bai san mu ba. Ƙungiya ce ƙarama, ba ta gwamnati ba, ba kuma ta neman riba ba. Kowace shekara a hutun lakwal, wato makaranta, tana tara matasan jahohi su yi kokawa da langa da gudu da ƙwallon ƙafa da ƙwallon hannu, in an zo wurin da ke da ruwa a ƙara da tseren kwalekwale. Bana Yamai ce mai masauki. Kawu da Baba Perzidan ne suka kafa ta tun ina goye. Kawu shi ne ma'aji, ƴan wasa na ce masa Baba Ma'aji. Ni kuwa malamar motsa jiki ce, ina horar da ƴan mata ƙwallon hannu, Kawu ya jawo ni biro, wato kwamitin gudanarwa, ya ɗora mini aikin sakatariya, wai bakina ya yi kaifi, gara in riƙa zubar da kaifin a takarda.

Kawu direban kamiyo ne a asalinsa, babbar motar kaya. Daga wajen Maraɗi ya zo Yamai da ƙuruciya, ya ga gari, ya ga ƴar manoman shinkafa a Saga, ya zauna. Har ya mutu Zabarmancinsa abin dariya ne, Inna ma Hausarta ta kasuwa ce, amma da haka suka tsufa tare, shi yana faɗa da Hausa ita tana rama masa da Zabarmanci. Tuƙi ya kai shi kowace jaha, ya san wace ƙasa ke da albasa, wace ke da wake. A nan ya samo dabarar da ta riƙe ƙungiyar duk shekarun nan.

Ya hana jahohi biyan kotizasiyo, gudummawar shekara, da kuɗi. Kowace jaha abin da ƙasarta ke bayarwa za ta aiko: mutanen Tawa albasa, Maraɗi da Damagaram gero da wake, Difa tattasai da busasshen kifi, Agadas gishiri da dabino, mu na bakin kogi shinkafa. Ɗan tallafin da ake samu daga hukuma da kamfanoni shi kaɗai ke shiga banki, don man mota da magani da kofuna, ba ya kuma fita sai da sa hannun mutum biyu, ma'aji da perzidan. In wani ɗan boko ya ce wannan tsarin tsohon yayi ne, sai Kawu ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Yaro, ka taɓa ganin wanda ya sa buhun wake a aljihu ya fita yana gaisawa da mutane?"

Ga doka ta biyu, wadda ta fi ƙona wa manya rai. Tukunya ɗaya ake ɗorawa kowa. Ƴan wasa su fara ci, sai alƙalan wasa da direbobi, biro shi ne na ƙarshe. In an bar nama ku ci nama, in ƙanzo aka bari ku kankare ƙanzo. Shi kansa ƙanzon yake so, yana da wani tsohon kwanon silba da ya lotse a gefe, a ciki ake jiƙa masa. Wata shekara wani kamfani ya ba da tallafi, a ciki har da ɗakunan otel da perdiyam, kuɗin guzurin kullum, na ƴan biro. Wayyo, ranar na ga murna a fuskokin dattawa! Kawu ya ɗauki hularsa ya hau har Plateau, unguwar ofisoshi, ya zauna a ofishin mutanen nan ya ƙi tashi sai da suka mai da kuɗin otel na man mota da katifu. Muka kwana a aji kamar kullum, sauro ya yi bikinsa a kanmu. Wani ɗan biro ya yi shekara bai gaishe shi ba, shi kuwa ko a jikinsa.

Ba ya zama a tiribin, rumfar manyan baƙi. Duk ranar ƙarshe, manyan baƙi na can sama ana ta tafi, shi yana bayan fili wajen waɗanda aka kayar. Ƙaton nan da ya yi birgima a ƙofar gida, a can suka saba. Shekarar da ya zo yana ganin babu mai kai shi ƙasa, wani siririn yaro ya ɗaga shi ya buga a gaban jama'a. Ya ɓuya bayan motar jaharsu ya ƙi cin abinci, yana cewa ba zai koma gida ba. Kawu ya je da kwanonsa ya zauna a ƙasa kusa da shi, bai yi masa wa'azi ba, bai ce masa ya yi haƙuri ba. Ya dai tura masa kwanon ya ce, "Ci. Wanda ya kayar da kai yana can ana ɗaukarsa hoto, bai sa komai a cikinsa ba. Ka riga shi wannan." Mutumin ya yi dariya da hawaye a fuska, ya ci. Shi da bakinsa ya ba mu labarin a rumfar makoki, yana ba da shi yana share hanci da hannun riga.

Wannan shi ne Kawu, kuma ina ƙaunarsa fiye da yadda zan iya rubutawa. Shi ya fara saya mini takalmin gudu, da kara ya auna ƙafata ya tafi kasuwa da karan a aljihu. Amma ta'aziyyar da babu gaskiya a ciki ba ta da amfani ga mamaci, balle ga masu rai. Kawu bai yarda da kowa ba. Bai taɓa cin ƙwayar shinkafar ƙungiya ba, wannan ko maƙiyinsa ya shaida, sai dai a ganinsa duk duniya shi kaɗai ne haka.

Shi ya sa mangazar ƙungiya take cikin gidansa. An sha ba mu ɗaki a filin wasa, ya ce mai gadi mutum ne, yana da ciki. Ya gina ɗaki jikin na Inna, ya sa ƙofar ƙarfe, ya rataya makullin a wuyansa da igiya. Buhun ƙungiya da buhun gidansa ƙofa ɗaya suke shiga, shi kaɗai ya san wanne ne wanne. Shinkafar ma rabinta daga gonakin dangin Inna take zuwa, wani buhun sayayye, wani kyauta, wani kuma "kai wa surukinmu". Wa zai raba wannan in ba shi ba?

Sai maganar zaɓe. Dokokin ƙungiya, waɗanda shi da kansa ya sa aka rubuta, sun ce a riƙa sabunta biro a babban taron wakilan jahohi. An yi a farko-farko. Daga baya, da furfura ta kama su, sai abin ya zama wasa. A taru, a yi addu'a, a zo kan zaɓe, wani ya miƙe ya ce, "Haba jama'a, iyayenmu na zaune za mu ɗaga hannu a kansu? Ina kunyarmu?" Sai a ce Allah ya ƙara wa dattawa lafiya, a shafa fatiha, a tashi. Daga nan aka daina kiran taron ma, tunda ba a tara mutane daga Difa da Agadas don shafa fatiha kawai. Wa'adin biro ya ƙare da daɗewa, kowa ya sani, kowa ya kau da kai.

A kan wannan muka yi faɗa da shi, faɗan da ban taɓa yi da babba ba. Bayan girbi ne, kamiyon albasa ya iso, yana tsaye yana nuna inda za a jibge. Na ce, "Kawu, ina da magana."

Ya ce, "Ke kullum kina da magana. Faɗi."

Na ce, "A kira taro a yi zaɓe. Ba cewa na yi ka sauka ba. A zaɓe ka, amma a zaɓe ka a rubuce, a sa mutum na uku mai sa hannu a banki, a kwashe kayan nan a kai ɗakin ƙungiya."

Ya juyo a hankali. "An ce miki na saci wani abu?"

"Ba wanda ya ce."

"To me ya kawo zaɓe?"

Nan bakin nawa ya kubce. Na ce, "Mutuwa, Kawu. Kai da Baba Perzidan kun sha maganin mutuwa ne ba mu sani ba?"

Masu sauke kaya suka tsaya cak da buhu a ka. Inna ta leƙo daga madafa ta ce mini da Hausarta, "Ke, wannan baki naki!" Shi bai daka mini tsawa ba, da ma ya daka. Ya kama igiyar wuyansa ya ce, "Ƴar ƙanwata ce ke yi mini lissafin kabari. To na ji. A gama wasannin bana, in tara miki jama'arki ki yi zaɓenki." Ya yi kwana da kwanaki ba ya amsa gaisuwata sai da ka. Ranar da ya huce, aiko mini ya yi da dabino a ƙulli. Na ɗauka maganar ta zauna, a gama wasanni a yi taro. Ashe ba zai ga wasannin ba.

Bayan addu'ar uku na yafa mayafi na haye gada na tafi banki a Plateau. Ma'aikaciyar ta yi mini ta'aziyya da ladabi, ta ce sai mu kawo takardar taron da ya zaɓi sabon ma'aji. Na ce babu. Ta ce to ta taron da ya zaɓi biro mai ci. Na ce ita ma babu. Ta duba abin da ke gabanta ta ce, "Madam, a wurinmu wa'adinku ya ƙare tuntuni. Hannun marigayi muka sani, shi muke girmamawa. Yanzu sai wakilanku sun taru sun yi zaɓe." Ba ta yi mana laifin komai ba, aikinta ta yi. Na fito rana na dukana, na ce a raina to, kuɗi ya kulle, amma in hatsi na nan za a yi wasa ko da ƙafa za a zo. Ƴan wasa sun saba kwana a aji, kofi kuma ana iya ba da na bara. Abin da ba a iya yi shi ne tara ɗaruruwan matasa babu abinci.

Na dawo na tarar da ƙofar mangaza a buɗe.

Abin da ya faru, labarin rasuwar ya kai jahohi, kuma ba wakilai kaɗai suka taso ba. Duk wanda Kawu ya taɓa tura wa kwano ya taso. Ƴan kokawa da makaɗansu, tsofaffin ƴan gudu da ƴaƴansu, direbobi, alƙalan wasa, mota bayan mota, har aka roƙi lakwal ɗin unguwa ta buɗe mana azuzuwa. Ɗan hatsin da ke madafa ya ƙare tun rana ta biyu. Abin da maƙwabta ke aikowa kuwa ko yara bai isa ba. Inna ta ciro igiyar makullin da aka cire daga wuyan mijinta wajen wanka, ta miƙa wa matan Saga. Ga manyan tukwanen wasanni an jera a lungu, wuta na ci, ƙamshin albasar Tawa ya cika unguwa.

Na shiga ɗakinta na durƙusa na ce, "Inna, abincin wasanni ne fa."

Ta ce, "Na sani."

"In aka cinye, babu wasa bana. Banki ya rufe. Wannan kaɗai ya rage mana."

Ta dube ni, idonta a bushe. "Mutanen nan wajen wa suka zo?"

"Wajen Kawu."

"Shi yana raye, wani ya taɓa zuwa wajensa ya kwana da yunwa? Kina so ran da ya kwanta a ce gidansa an hana baƙo abinci? Je ki nuna mini buhun da ba nasa ba, in bar miki."

Na shiga mangazar na tsaya. Buhu dai buhu ne, babu alama, babu suna. Wanda ya san bambancin yana maƙabarta. Na fito na nufi rumfar maza, abin da mace ba ta cika yi ba, na tsuguna kusa da Baba Perzidan na rage murya na gaya masa. Ya lalubo kaina ya dafa ya ce, "Ɗiyata, ƴan wasa ne ke ci. Don su aka tara. Bari su ci." Na koma bayan gida na yi kuka na biyu, wannan karon na baƙin ciki.

Haka aka yi ta ɗorawa ana saukewa, safe da yamma. Wake ya tafi, kifin Difa ya tafi, gero ya zama fura da kunu. Matan Saga, da hannunsu ya saba, suka bi tsarin Kawu ba tare da kowa ya gaya musu ba: matasa su fara, sai direbobi, sai manya. Ina wucewa ina jin mutane na yabo. Wani ya ce bai taɓa ganin makoki mai albarka irin wannan ba. Zakaran kokawar nan ya tare ni, bakinsa da maiƙo, ya ce, "Tanti, kin gani? Baba Ma'aji ko a kabari yana ciyar da mu." Na ce masa haka ne.

Ana gobe addu'ar bakwai wani tunani ya zo mini. Na leƙa rumfa na duba fuskoki. Wakilin kowace jaha na zaune a wurin, babu wadda ta rage. Abin da aka yi shekaru ba a samu ba, ga shi mutuwa ta tara mana a kan tabarma ɗaya. In aka yi zaɓe kafin su watse, a rubuta, kowa ya sa hannu, banki zai buɗe. Kuɗin ba zai mai da duk hatsin ba, amma zai sayi abin da za a yi wasanni ko na ƴan kwanaki ne, a rage langa ko a rage kwalekwale, sunan dai kada ya faɗi. Don na sani sarai, kamfanoni wasan bara suke dubawa su ba da na bana, masu ba mu aron azuzuwa ma haka. Shekara ɗaya in ta faɗi, ta gaba ba ta da inda za ta dafa.

Da aka shafa addu'a da safe, kafin a fara sallama, na tsaya a bakin rumfa na yi sallama da ƙarfi. Na ce, "Iyayena, ku gafarce ni. Kafin ku hau mota, ku ba ƙungiya rabin sa'a. Ku zaɓi ma'aji. Ko wane ne, ni ban da ɗan takara. In kuka tafi ba a yi ba, wasannin Kawu sun mutu tare da shi."

Wasu matasa daga baya suka ce gaskiya ne. Na ga wakilai biyu sun dubi juna kamar za su yi magana. Sai wani dattijo daga cikin wakilan ya gyara rawani ya ce, "Subhanallahi. Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, za mu zauna a ƙofar gidansa muna rabon kujerarsa? Matarsa na ciki tana takaba, ta ji ana tafi?"

Na ce, "Baba, ba tafi za a yi ba, hannu za a ɗaga."

Ya ce, "Hannun wa zai ɗagu? Ni dai ba nawa ba."

Kowa ya juya wajen Baba Perzidan. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Na matsa na ce, "Baba, shi da kansa ya yi mini alkawari za a yi zaɓe." Tsohon ya daɗe kansa a sunkuye, hawaye na bin gemunsa. Da ya ɗago sai ya ce, "Ba zan iya ba, ɗiyata. Ba zan iya jin an kira wani da sunan ma'aji a wurin nan ba. A bari sai bayan arba'in."

Aka ce madalla, dattijo ya yi magana. Aka shafa fatiha. Ni na san babu mai sake ɗauko mota daga Difa ko Agadas bayan arba'in, da wane man, da wane kuɗin? Su ma sun sani. Suka bi layi suna yi mini sallama, kowa na cewa in yi haƙuri, Zabarmawa na cewa "kala suru", wani har da yaba mini kishi. Na tsaya ina amsawa kamar gunki, raina na tafasa. Ban taɓa jin haushin ladabi irin na ranar ba.

Aka ɗora tukunyar ƙarshe don matafiya, da buhun ƙarshe. Suka ci suka ɗaure guzuri, motoci suka fara fita ɗaya bayan ɗaya. Da azahar lungu ya koma lungu, sai tabarmi da toka da ƙudaje. Ƴan matan da nake horarwa, waɗanda suka yi mako suna wanke kwanuka, suka zo su yi mini sallama. Babbarsu, mai tsaron gida a ƙwallonmu, wadda bana ce shekararta ta ƙarshe kafin shekarunta su wuce, ta ce, "Madam, gobe mu zo fili?" Na ce su huta tukuna, zan aiko. Ta dube ni, ta dubi ƙofar mangaza da ke hangame, ba ta sake tambaya ba.

Sai ga babbar matan Saga ta leƙo ta ce, "Ƴan biro, kowa ya ci, saura ku." Mu ƴan biro da muka rage muka taso, aka riƙo Baba Perzidan. Ta karkato tukunyar, babu komai sai ƙanzo, shi ma ya ƙone. Ta kankare da ludayi ta zuba ruwa, ta rasa inda za ta juye, sai Inna ta miƙo hannu daga bayan labule da kwanon silbar nan mai lotsattsen gefe. Muka zauna a ƙasa muka kewaye shi. Baba Perzidan ya laluba ya ɗebi loma, ya kai baki, ya kasa haɗiyewa. Ni na ci. Ɗaci ne da shi, na cinye rabona tas, don tun safe ban sa komai a cikina ba.

Ranar da ya kamata a buɗe wasanni ta zo ta wuce. Ba a buga usur ba. Arba'in ma ta wuce, mutum uku suka zo, muka sha ruwa muka watse. Kuɗin na nan a banki da sunan ƙungiyar da ba ta da mai sa hannu, tukwanen na kife a bayan ɗakin Inna, kaji na kwana a ƙarƙashinsu. Makullin yana wurina, ita ta ba ni bayan ta fita takaba, ta ce ba ta son ganinsa. Mai tsaron gidan nan tawa na gan ta kwanan baya a kasuwa tana taya uwarta sayar da tumatir. Ta gaishe ni da fara'a, ba ta yi mini zancen ƙwallo ba, ni ma ban yi mata ba.

Na rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kada kuma a tuna da rabinsa kawai. Ya ciyar da ƴaƴan mutane shekara da shekaru bai ci nasu ba. Ya zauna a ƙasa da wanda aka kayar. Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya ciyar da shi daga abin da ba ya ƙarewa. Allah ya yafe masa makullin da ya ƙi cirewa daga wuyansa, mu kuma ya yafe mana, da muka ji kunyar karɓa tun yana da rai. Amin.